Jenshiyan: Furen da Ba Ya Komawa Inda Garma Ta Bi

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu cewa su karatu ya fi shigar su.

Yau tarihin fure za mu yi. Na san wani zai ce, duk abubuwan da ke damunmu sai fure? Ku dai ba ni 'yan mintuna. A bayan furen nan akwai yaƙi, akwai korar mutane daga ƙasar kakanninsu, akwai maƙerin da sunansa ke jikin korayen taraktocin da kuke gani a gonakin manya. Akwai kuma wani daji da faɗinsa ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na Nijeriya, wanda aka share shi cikin shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ba.

Sunan furen jenshiyan. Da yawanku kun taɓa cin karo da sunan, ba ku dai lura ba ne. Kun tuna maganin nan mai launin shunayya da ake shafa wa yaro in ya ji ciwo, wanda in ya taɓa riga shi ke nan? GV. To G ɗin nan jenshiyan ne, V ɗin kuma kalmar Turanci ce ta launin shunayya. Sai dai babu ko ɗigon furen a cikin kwalbar. Rini ne da masana haɗa sinadarai suka ƙirƙira a ƙarni na 19, aka ara masa sunan saboda kamannin launi kawai.

SUNAN SARKI NE

Asalin sunan daga Turai yake. Akwai wata tsohuwar daula da ake kira Iliriya, a yankin da Albaniya take a yau. Sarkinta na ƙarshe sunansa Gentius, Rumawa suka ci shi da yaƙi a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubutan zamanin Rumawa irin su Pliny da Dioscorides sun ce shi ne ya gano amfanin saiwar wani tsiro mai fure rawaya da ke fitowa a kan duwatsu. Saiwar ɗaci gare ta, ɗacin da shuwaka ba ta kama ƙafarsa ba, kuma har yau Turawa na jiƙa ta don buɗe ciki da gyaran narkewar abinci. Daularsa ta tafi, sunansa ya zauna a jikin tsiro. Kuɗin Albaniya na lek 2,000 na ɗauke da hoton sarkin a gaba, furen a baya.

Dangin jenshiyan sun kai kusan iri 400 a duniya, yawancinsu a kan tsaunuka masu sanyi. Amma namu na yau a tsakiyar Amurka yake, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, cikin ciyawa.

DAJIN DA BABU BISHIYA

Ku kwatanta a ranku: fili iya ganinka, babu dutse, babu bishiya sai jefi-jefi a bakin rafi, ciyawa ce kawai har inda sama ta haɗu da ƙasa. Faransawan da suka fara ratsa wurin a 1673, Marquette da Jolliet, sun bi kogin Ilinoi cikin kwalekwale. Kalmarsu ta makiyaya ce ta zame wa dajin suna, "fireri". Ni a shirin nan zan riƙa ce masa dajin doguwar ciyawa.

Ya taso daga kudancin Kanada har Teksas, eka miliyan 170. Babbar ciyawarsa kan yi tsawon mita biyu zuwa uku in damina ta yi kyau. Kuma ga abin da ya burge ni: a wajen masana tsirrai, ciyawar nan dangi ɗaya suke da gambar da muke saƙa zana da ita. Dukkansu Andropogon ne. Saboda haka duk wanda ya taɓa shiga cikin gamba a ƙarshen damina ya rasa gabas da yamma, ya ɗanɗana yadda dajin yake.

Dajin ya kafu ne bayan da manyan tsaunukan ƙanƙara suka janye daga arewacin Amurka, kimanin shekara 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Abin da ido ke gani a sama kaɗan ne. Mafi yawan jikin tsirran a ƙarƙashin ƙasa yake, wasu saiwoyin na nutsawa fiye da mita uku. Kowace shekara wasu su mutu su ruɓe, wasu su fito. Haka aka yi ta yi shekara dubbai har aka samu baƙar ƙasa mai kauri, ɗaya daga cikin mafi albarka a duniya.

Tsakanin ciyayin nan akwai furanni ɗaruruwa, kowanne da lokacinsa. Jenshiyan na cikin na ƙarshe. Sai watan Satumba zuwa Oktoba, ciyawa ta fara bushewa ta yi ja, sanyi ya fara sauka, sannan yake fitowa da shuɗinsa mai duhu kamar an tsamo shi daga marina. Gajere ne, da wuya ya wuce gwiwa.

Iri biyu nake so ku riƙe.

Na farko shi ne mai kwalba, Gentiana andrewsii, mai son wuri mai damshi. Furensa ba ya buɗewa sam. In ka gan shi sai ka ɗauka gobe zai buɗe, alhali haka zai zauna a tsuke har ya bushe. Ƙananan ƙwari su zo su yi ta zagaye su haƙura. Mai iya shiga sai wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi-gashi da Turawa ke kira bambulbi. Shi yake sa ƙarfi ya ɓare bakin furen, ya cusa kai, wani lokacin ya shige gaba ɗaya, ya sha ruwan zaƙin da ke ciki, ya fito jikinsa buɗu-buɗu da garin fure, ya kai wa na gaba. Furen ya tsare abincinsa daga ruwan sama da ƙananan ɓarayi, ƙudan kuma ya samu abinci a lokacin da sauran furanni suka ƙare, daidai sa'ad da sababbin sarauniyoyinsu ke neman cika ciki kafin su shige ƙasa su yi barcin hunturu.

Na biyu shi ne Gentiana puberulenta, mai son busasshen tudu. Shi yana buɗewa kamar tauraro mai baki biyar in rana ta fito, ya rufe da dare ko in hadari ya haɗo. Wannan na biyun shi ne mai shaidarmu a yau, za mu dawo kansa.

WA YA RAINI DAJIN?

Ruwan saman da ake samu a Ilinoi da Ayowa ya isa ya raya kurmi. To me ya hana bishiyoyi cinye wurin? Abu uku: fari da kan zo lokaci-lokaci, kiwon ɓaunar Amurka, sai kuma wuta. Wani lokacin tsawa ce ke kunna ta, amma sau da yawa mutane ne. 'Yan asalin ƙasar, irin su Sauk da Meskwaki da Potawatomi da Osage, suna sa wa dajin wuta da gangan, don farauta, don buɗe hanya, don sabon tsiro ya fito ya jawo namun daji. Wutar takan kashe 'ya'yan itatuwa, ta cinye busasshiyar ciyawar da ta danne ƙasa. Ciyawa da furanni kuwa ransu a ƙarƙashin ƙasa yake, da ruwa ya sauka sai su taso. Ƙaramin fure irin jenshiyan, in aka daɗe ba a ƙona ba, tarin busasshiyar ciyawa ke rufe shi ya rasa rana.

Kenan dajin da Turawa suka tarar suka ce fili ne da babu mai shi, akwai hannun mutane a cikinsa shekara dubbai. Sun san tsirransa ɗaya bayan ɗaya. Wani masani mai suna Huron Smith ya rubuta a 1928 cewa Meskwaki na amfani da saiwar jenshiyan mai kwalba wajen saran maciji.

KAFIN GARMA, BINDIGA

A 1830 shugaban Amurka Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yammacin kogin Misisipi. Ku riƙe sunan wani kogi da ke arewacin Ilinoi, kogin Rok, domin sau uku zai fito a labarin nan.

A inda kogin Rok ke shiga Misisipi akwai babban garin Sauk mai suna Saukenuk, da gonakinsu na masara da kaburburan iyayensu. Gwamnati ta ce sun sayar da ƙasar tun 1804, a wata yarjejeniya da da yawansu ba su taɓa amincewa da ita ba. A watan Afrilun 1832 wani dattijon jarumi da Turawa suka sani da Black Hawk, wato Baƙin Shaho, ya tsallako kogi ya dawo Ilinoi da mutum kusan dubu, har da mata da yara da tsofaffi. Aka tara musu sojoji da 'yan sa kai. Cikin 'yan sa kan akwai wani saurayi dogo mai suna Abraham Linkon, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Aka yi ta bin su har farkon watan Agusta, inda aka rutsa su a wani wuri da ake kira Bad Axe suna ƙoƙarin tsallaka Misisipi. Aka yi musu kisan gilla, wasu a bakin ruwa, wasu a cikin ruwa.

Kafin shekarar ta ƙare, an karɓe eka miliyan 6 na gabashin Ayowa daga hannun Sauk da Meskwaki. A 1833, a yarjejeniyar Shikago, Potawatomi da 'yan uwansu suka rasa kimanin eka miliyan 5. A 1838 aka kora Potawatomi fiye da 850 a ƙafa daga Indiyana zuwa Kansas, sama da 40 suka mutu a hanya, yawancinsu yara. Ɓauna kuwa, wadda ake ƙiyasta ta kai miliyan 30 a nahiyar, zuwa ƙarshen shekarun 1880 'yan ɗaruruwa suka rage a daji.

Masu sa wuta sun tafi, masu kiwo sun ƙare. Gwamnati ta auna ƙasar ta yanka ta murabba'i-murabba'i, tana sayar da eka ɗaya dala ɗaya da kwata.

MAƘERIN GRAND DETOUR

Da farko baƙin ba su so dajin ba. A tunaninsu ƙasar da ba ta fitar da bishiya ba ta da ƙarfi, sai suka riƙa zama a bakin kurmi. Da suka gane albarkarta kuma sai suka haɗu da wata matsalar. Saiwoyin sun saƙe da juna kamar tabarma, sai an ɗaura shanu da yawa kafin a fasa. In an fasa ɗin ma, garmar ƙarfen zubi da suka zo da ita daga gabas an yi ta ne don ƙasa mai yashi. Baƙar ƙasar nan danƙo gare ta, sai ta manne wa garma, manomi ya yi taku kaɗan ya tsaya ya kankare, ya sake taku kaɗan ya sake tsayawa.

A wani ƙauye mai suna Grand Detour, a bakin kogin Rok ɗin nan dai, akwai wani maƙeri da ya taso daga jihar Vermont bashi ya koro shi. A 1837, shekara biyar kacal bayan kisan Bad Axe, ya ɗauki karyayyen zarton injin tsaga katako, ya lanƙwasa shi, ya goge shi ya yi santsi, ya ƙera garma da shi. Ƙasa ta daina mannewa, tana zamewa da kanta. Sunansa John Deere. Ba shi kaɗai ya gwada irin wannan ba, wani maƙerin mai suna John Lane ya riga shi da 'yan shekaru, amma Deere ne ya mayar da abin masana'anta. A 1848 ya koma garin Molin, dab da inda Saukenuk yake a da. Zuwa tsakiyar shekarun 1850 yana sayar da garma sama da 10,000 a shekara. Hedikwatar kamfanin na nan a garin har yau.

Sauran abubuwa suka biyo baya. Layin dogo ya shigo ya ba manomi hanyar kai hatsi Shikago. A 1862 Linkon ya sa hannu a dokar da ta bai wa duk wanda ya zauna ya noma shekara biyar eka 160 kyauta, abin da ya tura jama'a yamma zuwa Kansas da Nebraska da Minesota. A 1874 wani manomin Ilinoi, Joseph Glidden, ya yi rajistar waya mai ƙaya, aka samu hanyar shinge a ƙasar da babu itace. Fadamun da ruwa ke kwanciya, inda jenshiyan mai kwalba ke zama, su ma aka binne musu bututun laka a ƙarƙashi aka tsotse ruwan.

Ga lissafin. Ilinoi na da eka miliyan 22 na wannan daji, har yau kirarinta ke nan, jihar fireri. Binciken da jihar ta kammala a 1978 ya samu kimanin eka 2,300 kawai da suka rage da kyansu. Wato a kowace eka 10,000, ɗaya. A Ayowa abin da ya rage bai kai ɗaya cikin dubu ba. A duk nahiyar, ƙasa da kashi 4 cikin 100. Kuma mafi yawan aikin an gama shi tsakanin 1830 da 1900. Yaron da aka haifa ciyawa ta fi mahaifinsa tsawo, ya tsufa bai da inda zai nuna wa jikansa.

A FAƊI GASKIYA

Ba zan zauna nan in ce muku noma laifi ne ba. Yawancin waɗanda suka riƙe garmar nan talakawa ne da yunwa da rashin gona suka koro daga Turai, suna neman abin da za su ci da 'ya'yansu. Kuma ƙasar ta biya. Ayowa ce kan gaba a noman masara a Amurka, Ilinoi a waken suya. Hatsin da ke fitowa daga wurin yana taɓa farashin abinci a duniya.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, albarkar da suke girba ajiyar saiwoyin nan ce ta shekara dubbai, kuma tun ranar da aka kife ciyawar ake cira ba a mayarwa. Wani bincike da masana na Jami'ar Massachusetts suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakin yankin masara sun riga sun rasa baƙar ƙasar saman gaba ɗaya. Ruwa ya wanke ta. Takin zamani ke rufe asirin.

Sannan tambayar da ta fi damuna: eka miliyan 22 a jiha ɗaya, a ce ba a samu wanda ya ce a bar ko ɗaya cikin ɗari ba? A 1872 Amurka ta keɓe Yellowstone saboda duwatsu da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Dajin ciyawa kuwa sai 1996 ya samu nasa wurin a ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa, kusan eka 11,000 a Kansas. Shekara 124 tsakani. Dutse da bishiya suna da kwarjini, ciyawa kuwa kowa ya ɗauka ba ta ƙarewa.

INA YA ƁUYA?

Abin da ya tsira, wurare uku suka cece shi, kuma babu ɗaya da aka yi don shi.

Na farko dutse. A gabashin Kansas akwai tuddai da ake kira Filint, ƙasarsu cike da dutsen ƙyastu, garma ba ta shiga. Sai aka bar su wa shanu, makiyayan kuma suka ci gaba da ƙonawa duk bazara. Mafi girman abin da ya rage a duniya yana can.

Na biyu gefen layin dogo. Kamfanoni sun shinge 'yar siririyar ƙasa hagu da dama tun kafin manoma su iso wasu wuraren, kuma tartsatsin jirgin gawayi yakan tayar da gobara. Ba da niyya ba, jirgi ya riƙa yin aikin da 'yan asalin ƙasa ke yi.

Na uku maƙabarta. Baƙin farko sun keɓe eka ɗaya ko biyu don binne mamatansu, ba wanda ya kai garma wurin. Yau a Ilinoi da Ayowa akwai irin waɗannan tsofaffin maƙabartu a tsakiyar gonakin masara, in ka shiga sai ka tarar da tsirrai iri fiye da ɗari tsakanin duwatsun kabari. Mutanen da suka kife dajin, kaburburansu ne suka adana ragowarsa.

A irin wuraren nan ake samun jenshiyan na biyu da na ce ku riƙe. A 1979 wasu masana biyu na yankin Shikago, Floyd Swink da Gerould Wilhelm, suka fito da ma'auni daga 0 zuwa 10. Tsiron da ke fitowa ko'ina, ko a bola ko a gefen titi, sifili ne. Wanda ba ya zama sai a ƙasar da ba a taɓa ba, shi ne ke kusa da goma. Wannan jenshiyan yana samun 9 ko 10. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, tsironsa na tafiyar hawainiya, ba ya jure gasa da ciyayin da ke mamaye gonar da aka bari. Shi ya sa in masani ya gan shi a inda ba wanda ya shuka shi, yakan kyautata zaton garma ba ta taɓa bin wurin ba. Fure ne, amma aikin takardar shaida yake yi.

MASU ƊINKI

Gyara ya fara ne a shekarun 1930, lokacin da Amurka ke cikin karayar arziki, guguwar ƙura kuma na kwashe gonaki a can yamma. A Jami'ar Wiskonsin, Aldo Leopold da abokan aikinsa suka ɗauki wata tsohuwar gona da ta gaji suka ce za su mayar da ita yadda take. Matasa marasa aikin yi da gwamnati ta ɗauka su suka yi aikin, suna haƙo tsirrai daga ragowar daji suna dasawa. Wurin na nan, ana kiransa da sunan John Curtis, kuma ana ɗaukarsa mafi tsufan dajin ciyawa da aka sake rayawa a duniya. A can aka tabbatar da gwaji cewa in babu wuta aikin ba ya tafiya. Wuta ce da ake tsarawa, a duba iska, a share iyaka, a tsaya a kanta har ta mutu. Kada wani ya ce na ba shi lasisin cinna wa daji wuta don ɓera.

A 1975 wani malamin jami'a mai suna Robert Betz, wanda ya shafe shekaru yana yawon tsofaffin maƙabartu, ya shawo kan cibiyar binciken kimiyya ta Fermilab da ke kusa da Shikago ta ba shi fili. Shi da 'yan sa kai suka riƙa tsintar iri da hannu daga gefen layin dogo da maƙabartu. Suka fara da kusan eka goma, yau wurin ya kai kimanin eka dubu. A Ayowa kuma masana na jami'ar jihar sun nuna cewa in manomi ya bar kashi 10 cikin 100 na gonarsa ya shuka ciyayin asali a layi-layi, zaizayar ƙasa na raguwa da kusan kashi 95.

Su ma masu ƙasar ba su zauna ba. Tun 1857 wasu Meskwaki suka dawo Ayowa, suka haɗa kuɗi suka sayi eka 80 a gundumar Tama. Ƙasar kakanninsu, da kuɗinsu. Suna nan har yau, filin ya ƙaru zuwa dubban eka.

Duk wannan abin a yaba ne, da babu gwamma ba daɗi. Amma masu aikin da kansu suna faɗa: doguwar ciyawa na dawowa cikin 'yan shekaru, sai dai tsirrai masu maki tara da goma, da ƙwarin da ke rayuwa a kansu, da ƙananan halittun cikin ƙasa, su ne ke ƙin dawowa. Wurin da aka shuka shekara hamsin da suka wuce, in ka haɗa shi da eka ɗaya ta tsohuwar maƙabarta, bambancin a fili yake ga wanda ya sani.

2023

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare a zamanin garmar shanu. Mu koma kogin Rok karo na uku. A birnin Rokfod, cikin harabar filin jirgin sama, akwai wani ragowar daji da ake kira Bell Bowl, kimanin eka 25, biyar daga ciki na sahun farko, shekarunsa kusan 8,000. Filin jirgin na son faɗaɗa harkar dakon kaya, aka tsara titi ya ratsa ta tsakiyarsa.

A watan Agustan 2021 aka ga wani nau'in bambulbi a wurin, wanda gwamnatin Amurka ta sa cikin jerin halittu masu fuskantar ƙarewa tun 2017. Dangin ƙudan nan ne da ke buɗe jenshiyan mai kwalba. Aiki ya tsaya. Jama'a suka taso, ɗalibai, malamai, tsofaffin da suka yi shekaru suna kula da wurin kyauta. Aka yi gangami, aka je kotu, aka kawo zanen yadda titin zai iya kaucewa. Hukumar filin jirgin ta ce aikin zai kawo ayyukan yi, kuma ta rage girman abin da za ta taɓa. Ranar 9 ga Maris, 2023, tun gari bai waye ba, katafila ta shiga. Wani yanki ya rage, amma an tsaga tsakiyar.

Wannan a ƙasar da ke da dokoki, da masana, da lissafin abin da ya rage har eka ɗaya-ɗaya.

ABIN DA NA ƊAUKA

A iya karatun da na yi kan tarihin nan, ban ga ranar da wani ya zauna ya ce bari mu hallaka daji ba. Kowa eka 80 ko 160 ɗinsa ya kife, kowa yana ganin ai akwai saura a gaba. Abu ɗaya aka fara yi wanda ya buɗe ƙofar sauran: aka kira wurin fili, wurin da babu komai kuma babu kowa. Da zarar sunan ya zauna, korar mutane ta zama doka, kife ciyawa ya zama ci gaba.

Shi ya sa duk sa'ad da na ji an ce wuri kaza ai daji ne kawai, ko fili ne da ba a komai da shi, sai in so in ji wa ya faɗa, kuma wa aka tambaya. An tambayi mai kiwo? An tambayi tsohuwar da ke tsinko ganyen magani a wurin? Akwai wanda ya rubuta sunayen abin da ke tsirowa kafin katafila ta iso? Amurkawa sun yi sa'a wasu sun rubuta, shi ya sa ma suka san abin da suka rasa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga aikin gida. Ku tambayi kaka ko wani dattijo a unguwarku sunan ciyawa ko fure ko ganye guda uku da ya sani yana yaro waɗanda yanzu ya daina gani, da inda suke fitowa. Ku rubuto mana a kwament, da sunan garin. In sun taru za mu karanta su a shiri na gaba.

Wanda ya ji daɗin shirin ya tura wa wani. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.